Rabin buhun da ya ɓace a cikin kwamfuta

Wata Asabar bayan la'asar Baba Ma'aji ya aiko yaro ya kira ni. Na same shi a ƙofar sito a kan tabarma, babban littafin ƙungiya a buɗe a cinyarsa, takardar da na buga masa daga kwamfuta kuma ya danne ta da dutse don kada iska ta ɗauke. Mai sito yana tsaye a gefe, ya ƙi zama, gaisuwata ma da ƙyar ya amsa.

"Ɗan nan, zauna. Littafi ya ce an fitar da taki buhu 212 da rabi. Na'urarka ta ce 201. Sito kuwa ga shi nan, ko buhu ɗaya babu. To ina sha ɗaya da rabi?"

Ƙungiyar manoman shinkafa ce ta garinmu a yankin Kura, inda ruwan madatsar Tiga yake ratsa gonaki rani da damina. Ana ba mambobi takin zamani bashi, yuriya da kamfa, su biya da shanshera in an yi girbi. Da na gama difloma na dawo gida, ni na roƙa a bar ni in rubuta musu 'yar manhajar da za ta riƙe wannan lissafi. Na yi ta da harshen PHP, bayanan kuma suna zama a rumbun MySQL, duka a kan tsohuwar kwamfutar cinya da nake kai wa shagon caji in rana ta yi ƙaranci ga sola. Dattawa sun yarda ne bisa sharaɗin Baba Ma'aji zai ci gaba da rubuta littafinsa. A lokacin na ji kamar rashin yarda ne. Yanzu na san littafin nan ne ya fitar da mu.

A gari irin namu, in aka ce ina buhu, ba lissafi kaɗai ake tambaya ba. Mai sito ya shekara tara da mabuɗi a aljihunsa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Amma tun kafin magariba an fara ƙus-ƙus a teburin mai shayi, domin mutane sun ɗauka kwamfuta ba ta ƙarya, saboda haka in an samu saɓani to mutum ne ya yi wani abu. Na roƙi Baba ya ba ni littafin in kwana da shi.

Bayan isha'i na kunna fitila na fara bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Na goma sha huɗu a jerin kawuna ne: littafi ya ce buhu biyu da rabi, allo ya ce 2. Can ƙasa wata gwauruwa da take noma ɗan fegi a bayan gari, rabin buhu kacal ta karɓa, allo ya ce 0, kamar ba ta taɓa zuwa sito ba. Da na gama ƙirgawa, mutum 23 ne suka karɓi taki da rabi a ciki. Rabi sau 23, sha ɗaya da rabi ke nan cif. Ba wanda ya taɓa buhu ko ɗaya. Manhajata ce take cinye rabin tun kafin ya isa rumbu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na bi hanyar da aka koya mana a matsayin hanya mai tsaro, wato shiryayyen umarni. Maimakon ka ɗauki abin da mutum ya rubuta ka manna shi kai tsaye a cikin umarnin da za ka aika wa rumbu, sai ka fara aika umarnin da alamomin tambaya a wuraren da bayanai za su shiga, sannan ka aika bayanan daban. Kamar takardar cire kuɗi ce a banki: an riga an buga ta, kai guraben kawai za ka cike, kuma duk abin da ka rubuta a gurbi ba zai sauya abin da takardar take nufi ba. Wannan ne yake hana ɓata-gari su cusa nasu umarnin ta cikin akwatin rubutu su kwashe bayanai ko su goge su. Ta wannan fuska aikina ba shi da aibu.

Sai dai a mysqli, wato hanyar da na bi wajen haɗa PHP da rumbun, kowace alamar tambaya sai ka faɗi irin abin da zai shiga cikinta, da harafi ɗaya, a cikin bind_param. Haruffan huɗu ne: i na cikakkiyar lamba marar gutsure, d na lamba mai ɗigo, s na rubutu, b na manyan bayanai irin su hoto. Da na buɗe layin da yake ajiye rabon taki sai na ga abin da na rubuta watanni uku baya: "iiii". Lambar mamba, lambar waya, yawan buhu, kuɗin kafin alƙalami. Tunanina a lokacin shi ne duk huɗun da alƙaluma ake rubuta su, ashe duk lambobi ne.

In ka ce i, PHP tana mayar da abin da ka ba ta cikakkiyar lamba kafin ta aika, kuma ba ta kusantar da shi zuwa sama ko ƙasa, yankewa take yi. 2.5 ya zama 2, 0.5 ya zama 0. Ba ta tsaya ba, ba ta yi gargaɗi ba, allo ma cewa ya yi an ajiye.

Ruwa ba ya tsami banza. Tunda harafi ɗaya ya yi wannan ɓarna, na ce bari in duba sauran ukun, kuma a nan ne barci ya ƙaurace mini gaba ɗaya.

Na buɗe ɗakin lambobin waya, wato wurin da rumbun yake jera su, na ga kowa da kowa lambarsa ɗaya ce: 2147483647. Tun daga shugaba har yaron da ya shiga ƙungiya bana. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce kuma da sifili take farawa, cikakkiyar lamba kuwa ba ta san sifilin farko ba, sai ya faɗi. Na biyu, abin da ya rage, alƙaluma goma masu farawa da 7 ko 8 ko 9, ya haura biliyan bakwai, alhali ɗakin da na gina masa nau'in INT ne, wanda iyakarsa 2,147,483,647. Da abin ya fi ƙarfin ɗakin sai rumbun ya ajiye iyakar tasa ya yi shiru. Akwai saitin tsanani da ake kira STRICT_TRANS_TABLES, wanda in yana kunne rumbun zai ƙi karɓar irin wannan ya jefo kuskure. MySQL tana zuwa da shi a kunne tun daga fitowa ta 5.7, amma a kwamfutata a kashe na same shi, ni kuma ban taɓa dubawa ba. Ba wanda ya lura duk tsawon lokacin nan domin a garinmu in ana neman mutum gidansa ake zuwa, ba a buɗe kwamfuta neman lambarsa.

Kuɗin kafin alƙalami kuma, rabinsu daidai ne, rabinsu abin tausayi. Ranar da ni na shigar, 12500 nake bugawa. Ranar da sakatare ya shigar, yana sa waƙafi kamar yadda kowane mai ilimi yake rubuta kuɗi: 12,500. PHP tana karanta alƙaluma daga farko har ta ci karo da abin da ba alƙalami ba, sai ta tsaya nan. Mutum ya biya naira dubu goma sha biyu da ɗari biyar, rumbu ya rubuta masa naira 12. Da a ce an kai lokacin biyan bashi ba a gano ba, da an bi bayin Allah kuɗin da suka riga suka biya.

Da asuba bayan an fito masallaci na tari Baba Ma'aji na faɗa masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mai sito za ka fara faɗa wa, ba ni ba." Haka na yi kafin in karya kumallo.

Gyaran ya ɗauke ni kusan mako biyu, kuma mafi yawansa ba a kan allo na yi shi ba. Na samu takarda na jera duk wani abu da manhajar take karɓa, kowanne na yi masa tambaya guda: wannan ƙirga shi ake yi, ko auna shi ake yi, ko kuɗi ne, ko kuwa suna ne kawai da aka rubuta da alƙaluma? Gwajin da ya fi yi mini aiki shi ne in tambayi kaina ko akwai ranar da mai hankali zai tara abin nan da ɗan'uwansa. Ana tara buhu da buhu. Ba wanda zai tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa. Haka lambar NIN da ta BVN, kowacce alƙaluma 11, haka lambar asusun banki mai alƙaluma 10 wadda sau da yawa da sifili take farawa. Duk waɗannan sunaye ne. Na mayar da ɗakunansu VARCHAR, wato na rubutu, harafinsu kuma s. Lambar mamba, wadda rumbun da kansa yake bayarwa ɗaya bayan ɗaya, ita kaɗai ta cancanci i a cikin huɗun nan.

A nan ma na sake tuntuɓe. Na gyara wajen ajiyewa na manta da wajen nema, inda har yanzu i ce take ɗauke da lambar waya. Abin mamaki, neman yana aiki, domin in aka kwatanta rubutu da lamba MySQL tana mayar da duka biyun lamba mai ɗigo ta gwada, sai lambar da take da sifili a gaba ta yi daidai da wadda ba ta da shi. Amma a haka ba ta iya amfani da fihirisar da na gina wa ɗakin, sai ta bi layuka duka. Mu da muke 'yan ɗaruruwa ba za mu ji nauyin ba. Abin da ya tona asirin shi ne ranar da sakatare ya yi kuskure ya rubuta sunan mutum a akwatin lambar waya. Sunan ya zama 0, rumbun kuma ya kawo masa duk wanda aka bar ɗakin wayarsa fanko ko aka rubuta masa "babu", domin su ma in aka mayar da su lamba 0 suke zama.

Maganar kuɗi ce ta fi cin lokacina, kuma ita ce na fi so wanda yake irin wannan aiki ya tsaya a kanta. Da na ga i tana yanke gutsure, abin da ya fara zuwa mini shi ne in mayar da komai d in huta. Na riga ma na yi hakan a wani jadawalin, na kuɗin da ƙungiya ta kashe, inda ɗakin yake nau'in FLOAT, na lamba mai ɗigo. Na je na duba shi: kuɗin motar taki da dako da sauransu, a littafi naira 1,846,327, a allo 1846330. Naira uku ce, amma daga ina ta fito? FLOAT alƙaluma shida zuwa bakwai kawai take riƙewa da tabbaci, abin da ya wuce nan kintace ne. DOUBLE, wadda harafin d yake aikawa, ta fi ta zurfi sosai, tana kai wa alƙaluma goma sha biyar, amma ita ma tana da ciwon da ba ya warkewa. Kwamfuta da gida biyu take lissafi, sifili da ɗaya, kuma a wannan tsari ɗaya bisa goma ba ya rubutuwa ya ƙare, kamar yadda in ka raba mudu ɗaya ga mutum uku ka ce za ka rubuta rabon kowa da ɗigo, 0.333 za ka yi ta ja har takarda ta ƙare. Shi ya sa in ka tara 0.1 da 0.2 ainihin abin da yake ciki 0.30000000000000004 ne. Na gwada da hannuna: 19.99 sau 100, aka yanke zuwa cikakkiyar lamba, 1998 ya fito, ba 1999 ba.

Wani zai ce wa yake maganar kwabo a yau, alhali ko alewa ba ya saye. Gaskiya ne ba ya yawo a kasuwa, amma naira har gobe kwabo 100 ce kamar yadda take tun 1973, kuma yana fitowa a duk saƙon banki. In muka raba kuɗin mota a kan buhuna ma sai ya fito. Kuma Baba Ma'aji mutum ne da in jimilla ta saɓa da naira ɗaya ba zai rufe littafi ba. A ganina shi ne da gaskiya, domin wanda ya ga naira uku ta shigo ba dalili ba zai yarda da sauran miliyan ɗin ba.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in riƙa ajiye kuɗi da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba a ɗakin BIGINT, wanda ya fi INT girma, in raba da ɗari wajen nunawa, ko in yi amfani da DECIMAL, wadda take ajiye alƙaluma yadda aka rubuta su ba tare da kintace ba. Duka biyun suna aiki. Na zaɓi DECIMAL(12,2), wato alƙaluma goma sha biyu, biyu daga ciki bayan ɗigo, saboda duk wanda ya gaje ni ya buɗe rumbun zai ga kuɗi da kamar kuɗi, ba zai ɗauki kwabo a matsayin naira ba. Buhuna kuma DECIMAL(6,2), don akwai masu karɓar kwata.

Abin da ban zata ba shi ne harafin da ya dace da DECIMAL. Ba shi da nasa a cikin huɗun nan, kuma wanda ya fi aminci shi ne s, na rubutu. In ka aika "2.50" a matsayin rubutu, haka zai isa, rumbun ya zuba shi a ɗakinsa ba tare da ya bi ta hanyar kintace ba. In ka aika da d, sau da yawa zai zauna daidai domin ɗakin zai daidaita shi zuwa gida biyu, amma duk lissafin da aka yi da shi a cikin umarnin kafin ya zauna, da kintace za a yi shi. Ko da ka karanto DECIMAL daga rumbu, a matsayin rubutu PHP take miƙo maka shi, kuma da dalili. Saboda haka tara kuɗi na bar wa rumbun da SUM, umarninsa na tarawa, inda kuma dole sai na yi a PHP na koma ga bcadd da bcmul, waɗanda suke lissafi a kan rubutun kai tsaye.

Wani abokin karatuna da yake aiki a cikin birnin Kano ya ce in bar mysqli in koma PDO, wata hanyar ta haɗa PHP da rumbu. Na gwada na yini guda. A can ma babu nau'i na musamman don lamba mai ɗigo, akwai PARAM_INT na cikakkiyar lamba da PARAM_STR na rubutu da 'yan kaɗan, kuma in ka miƙa bayananka a jere ga execute duka rubutu ake ɗaukarsu. Wannan ya yi wa kuɗi daidai, amma da na zo raba jerin mambobi shafi-shafi sai LIMIT, umarnin da yake iyakance kowane shafi ga mutum 20, ya ƙi, domin PDO a haɗinta da MySQL tana kwaikwayon shiryayyen umarni ne sai in ka hana ta, ta sa wa 20 alamun zance, rumbun kuwa ba ya karɓar haka a wannan wuri. Maganin shi ne bindValue da PARAM_INT, ko a kashe ATTR_EMULATE_PREPARES. Wallahi wannan kuskuren daɗi ya yi mini, don ya fito fili ya tsayar da aiki nan take, bai jira wata uku ya shafa wa wani baƙin jini ba. Na koma mysqli tunda da ita na gina komai.

Darasin da ya fi shiga jikina shi ne harafin bind_param ba mai gadi ba ne. Ba ya tantancewa, juyawa kawai yake yi, ko abin ya juyu ko bai juyu ba. Ko da saitin tsanani yana kunne tun farko, da ya kama lambobin waya, amma da bai kama rabin buhu ba, don an yanke shi tun kafin rumbun ya gan shi. Saboda haka na sa mai gadi na gaske a bakin ƙofa. Kuɗi in ya shigo, a cire waƙafi da tazara da alamar naira, sannan a tabbatar abin da ya rage alƙaluma ne, da ɗigo ɗaya in akwai, da gida biyu a bayansa ko ƙasa da haka. In bai cika ba, manhaja ta ƙi, ta rubuta da Hausa cewa a sake duba kuɗin. Lambar waya dole ta zama alƙaluma 11 masu farawa da sifili. Akwatin da aka bari fanko kuma ba ya zama 0, NULL yake zama, wato ba a saka komai ba, domin wanda ba a auna shansherarsa ba tukuna daban yake da wanda aka auna aka ga bai kawo komai ba, kuma AVG, mai fitar da matsakaici, tana tsallake NULL amma tana lissafa sifili ta ja matsakaicin kowa ƙasa. Na kunna saitin tsanani. Sannan na rubuta jerin miyagun shigarwa a bangon littafina, 0.5 da 12,500 da fanko da suna a gurbin lamba da lamba mai sifili a gaba, duk sauyin da na yi sai na bi su ɗaya-ɗaya kafin in ce na gama.

Abin da aka yanke kuwa ya tafi, babu umarnin da zai dawo da shi. Rumbun bai taɓa ganin rabin buhun ba balle ya tuna da shi. Dare huɗu muka yi da sakatare a zauren gidansu, yana karantowa daga littafin Baba ina bugawa, in mun gama shafi mu tara mu gwada da jimillar da Baba ya rubuta da jan biro a ƙasa. Lambobin waya ba duka ne suke littafi ba, sai da muka bi mutane bayan sallar Juma'a muna karɓa, na mata kuma ƙanwata ta shiga gida-gida ta rubuto.

A taron wata na tashi gaban mambobi na ce takin bai ɓata ba, kuskuren daga rubutuna ne, na karanta sunayen mutum 23 da rabin buhun kowa. Na ce mai sito ba shi da hannu ko na sisin kwabo. Shugaba ya sa aka yi addu'a. Mai sito bai ce komai ba a wurin, sai da aka watse ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yaro. Da ka yi shiru, da ni zan kwana a ciki."

Da takin noman rani ya iso, gwauruwar nan ce ta uku a layi. Mai sito ya auna mata, ya ɗaure bakin buhun, sannan ya zagayo bayana ya sunkuyo kan allo ya ce in rubuta yana gani. Na buga, na danna ajiye, na sake buɗe sunanta daga rumbu. Ya sa yatsa a kan 0.50, ya dubi littafin Baba, sannan ya ɗaga murya ya kira na gaba.